Ranar da Aka Ce wa Sarki Albarka

Ku matso ku gyara zama, tunda jirgin fiton nan ba shi da niyyar zuwa yanzu. Ni ɗin nan da kuke gani, tun da na fara shiga kasuwa ba a yi mutumin da ya kayar da ni a ciniki ba. Abin gado ne. Jinin Waziri Labbo ke yawo a jikina, kakan kakana ne na wajen uba, kuma duk zuriyarmu in muka taya kaya, mai kayan da kansa yake ba mu haƙuri. Ba wanda ya taɓa ci na, in ka ɗebe Gwoggo Atine mai kifi, ita kuwa ba ciniki take yi ba, yaƙi take yi. Sai kuma mutumin da ya sayar mini da takalmin nan, shi ma ba wayo ya fi ni ba, rana ce ta dake ni ban lura duk biyun na ƙafar hagu ba ne. To ku daina kallon ƙafata ku saurari mas'alar, domin magana ce ta malamai, ni da na tsaya a firamare sai da na yi alwala kafin in haddace ta.

An yi wani sarki can a ƙasar gulbi, ana ce masa Barmo, birninsa na bakin ruwa, rabin talakawansa na wannan gaɓa rabi na waccan. Saboda haka jirgin fito a wurinsu ba kayan ƙawa ba ne, shi ne hanyar kasuwa, shi ne hanyar gona, da shi ake kai amarya da shi ake zuwa ta'aziyya. Sarkin nan mutum ne mai tsoron Allah daidai gwargwado, mai son gaskiya in ba ta cika zafi ba, kuma yana da waziri dattijo mai sanyin magana da nisan tunani, shi ne Labbo. Allah bai ba Waziri Labbo haihuwa ba, ko ɓari matarsa ba ta taɓa yi ba, shi ma kuma shi kaɗai uwarsa ta haifa. Don haka ba shi da abin da zai nuna a duniya sai rawaninsa, in ya warware shi da yamma har shafa shi yake yi kamar kan jariri. Akwai kuma Ma'aji Dikko mai riƙe da baitulmali, wanda ya daɗe yana auna rawanin nan da ido, yana ganin da kansa ya fi dacewa.

To babban jirgin fada, wanda ake fiton jama'a da shi ran kasuwa, ya tsufa ya ruɓe, har ta kai in an shiga mutum biyu na tuƙi, sauran fasinja na kwarfe ruwa da ƙwarya suna salati. Ga damina ta kankama, gulbi na ƙara cika. A daidai lokacin nan wani masassaƙi mai suna Cindo, a can ƙetare, ya gama sassaƙa wani sabon jirgi daga gindin maɗaci guda, dogo, mai faɗin ciki, in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa sai ya amsa kamar ganga. Cindo gajere ne kakkaura, yatsunsa shida a kowane hannu, bakinsa kuma ya fi gizagonsa kaifi. Kowa ya san ɗabi'arsa: kuɗin kayansa sau ɗaya yake faɗa, ba ya ragi. Na wannan jirgi ya ce jaka goma ta wuri.

Sarki ya aiki Ma'aji ya je ya nemo sauƙi. Ma'aji ya tafi da dogarai a bayansa, ya kewaya jirgin, ya ce fada ta taya jaka uku. Cindo ya zube ƙasa ya ce, "Allah ya taimaki Ma'aji, wace jaka uku kuma? Sarki ya ɗauka kyauta. Da ni da jirgin da gizagon duk na sarki ne."

Ma'aji ya dawo yana baza riga, ya ce ya yi cinikin da ba a taɓa yi ba. Amma ba a jima ba labari ya iso fada cewa Cindo ya naɗe gizagunansa a fata, matarsa na sayar da tukwanenta, yana kuma tambayar fatake wane gari ne can ƙasan gulbi ba su da masassaƙi.

Da sarki ya ji haka sai ya juya ga Waziri. Ya ce, "Ya kai Waziri, wannan abin da mutumin nan ya ba ni, kyauta ce ko Allah ya isa ce aka naɗe a cikin ladabi? Haƙiƙa tun ranar da aka naɗa ni ba a sami ɗan adam ɗaya da na taya kayansa ya ce mini albarka ba. In na taya rago da kuɗin kaza sai a ce an sallama, in na taya doki da kuɗin jaki sai a yi mini godiya, ni kuwa ban san ranar da na saya da ranar da na ƙwace ba. To ga mas'ala na ɗora maka. Ina son jirgin nan, kuma ina son ragi, domin dukiyar baitulmali amana ce ba tawa ba. Amma ba na son ragin da tsoro ya haifa. Ina son wanda Cindo zai yi alhali yana da ikon ƙi, kuma bayan ya yi ba zai kwana cikin hasara ba. Kafin ruwan gulbi ya taɓa saiwar tsamiyar da ke mashigi, ka kawo mini wannan ciniki. In ka kasa, ka kawo mini rawaninka, domin wazirin da ba zai iya saya wa sarki jirgi ba tare da zalunci ba, ban ga yadda zai taya shi riƙon ƙasa ba."

Waziri ya sunkuya ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na ji, na kuma karɓa." Ma'aji kuwa ya shafa kansa a hankali kamar mai share wurin da za a ajiye kaya.

Dabarar farko da ta zo wa Waziri ita ce wadda za ta zo wa kowa. Ya ari tsohuwar riga da malfa, ya rataya gafaka, ya ƙetare ya isa wurin sassaƙa a matsayin baƙon falke. Ya tarar da Cindo na fama da wani masunci da ya taya ƙaramin kwalekwale.

"Albarka!" in ji Cindo. "Da wannan kuɗin ka je ka sayi ƙwarya ka shiga ciki, in ka isa ƙetare ka gai da mutanen gida."

Waziri ya ji daɗi a ransa, ya ce yauwa, ga bakin da nake nema. Ya maƙe murya ya yi sallama. Cindo ko ɗagowa bai gama yi ba ya zube.

"Ranka ya daɗe, Waziri. An sha hanya. Malfar nan ta yi maka kyau."

"Yaya aka yi ka gane ni?"

"Ranka ya daɗe, duk ƙasar nan wane falke ne zai tsaya yana jiran a shimfiɗa masa buzu?"

Waziri ya cire malfa ya zauna a kan guntun icce. Ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, ya ce ba abin da zai sami Cindo in ya faɗi gaskiyar kuɗin jirginsa. Cindo ya ce gaskiya ai ita ce abin da fada ta ce. Waziri ya ce to fada ta ce ka ƙi. Cindo ya ce, "To na ƙi, ranka ya daɗe, tunda an umarce ni." Waziri ya ga wannan ƙin ma biyayya ce, ba ta da amfani. Ya tashi yana ta tunanin yadda kansa zai kasance ba rawani, da yadda zai shiga gida ya dubi uwargidansa.

Ya dawo mashigi ya shiga tsohon jirgin nan tare da 'yan kasuwa, da awaki, da mata masu tallan daddawa. Mai fiton wani ƙanjamammen tsoho ne wanda in a tudu ne ko inuwar Waziri ba zai yarda ya taka ba. Da aka kai tsakiya, ruwan da ke tsattsafowa ya jiƙa wa Waziri riga, sai ya miƙe tsaye don ya tattare ta. Jirgi ya karkata, akuya ta yi kuka.

"Kai dattijo, zauna!" tsohon ya daka masa tsawa. "Kashe mu za ka yi? Zauna na ce!"

Waziri ya zauna daɓas a cikin ruwan. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi mamaki. Da aka isa gaɓa tsohon ya ɗaure jirgi, ya zo ya durƙusa ya gaishe shi da cikakken ladabi, bai kuwa ba da haƙuri ba, don a ganinsa ba abin da ya faru. Wata mai daddawa ta ga Waziri na tsaye yana kallon tsohon, ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka riƙe shi a zuciya. Ai ka san al'adar mutanen ruwa tun kakanni. Da zarar jirgi ya bar gaɓa, wanda ke riƙe da filafilin tuƙi shi ke da magana, kuma abin da aka faɗa a kan ruwa ba a kai shi ƙara a tudu."

Waziri ya san wannan al'ada kamar yadda kowa ya san ta, amma bai taɓa jin ta a jikinsa ba sai ran nan. Ya dubi jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya dubi tsamiya, ya ga ruwa ya kusa saiwa. Sai ya yi murmushi ya nufi fada.

Ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, na samo kasuwar da za a yi cinikin nan, amma ba wakili zai yi shi ba, sarki da kansa zai yi. Abin da nake roƙo, a ce wa Cindo sarki na son gwada jirgin kafin ya karɓa, shi kuma zai tuƙa."

Sarki ya ce, "Ni ban iya ciniki ba, Waziri. Ban taɓa yi ba."

"Abin koyo ne, ranka ya daɗe, ko 'yan talla ba da shi aka haife su ba."

Nan fa aka kori kowa daga soro, Waziri ya ajiye butar alwala a gabansa ya zama mai kaya, sarki ya zama mai saye. Ya koya masa cewa ba a yabon abin da ake so, kushe shi ake yi. Ya koya masa a fara tayi daga ƙasa, a riƙa hawa a hankali kamar mai ciwon gwiwa. Sarki ya dubi buta ya ce bakinta a karkace yake, Waziri ya ce madalla, amma a ƙara yamutsa fuska. Daga ƙarshe ya ce, "Babban makamin mai saye kuwa shi ne ƙafarsa. In ka ga abin bai tafi yadda kake so ba, ko ta wace fuska, ka miƙe tsaye da ƙarfi ka kaɗa riga kamar za ka tafi." Sarki ya gwada miƙewa ya kaɗa riga har sai da abin ya zauna masa. Bai tambayi inda mutum zai tafi a tsakiyar gulbi ba, Waziri kuma bai ga dalilin tuna masa ba.

Da hantsi aka taru a mashigi. Ma'aji ya ce sam bai kamata sarki ya shiga jirgi ba dogarai ba, sarki ya ce to shi ya shigo ya zama dogarin. Suka shiga su huɗu: sarki a tsakiya, Waziri da Ma'aji a gaba, Cindo a baya da filafili, gumi na zuba masa kamar an yi masa wanka. Jirgi ya tsaga ruwa sumul, ko ɗigo bai shigo ba.

Da suka yi nisa har mutanen gaɓa suka koma kamar tururuwa, sarki ya gyara murya ya yamutsa fuska yadda aka koya masa.

"Malam masassaƙi, hancin jirgin nan kamar a karkace yake."

Waziri ya ga jijiyar wuyan Cindo ta motsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Yadda sarki ya gani haka yake."

"Kuma iccen nan anya maɗaci ne? Ya fi kama da rimi."

Cindo ya danna filafili cikin ruwa. "In sarki ya ce rimi ne, ya zama rimi."

"To na taya jaka huɗu."

"Na sallama, ranka ya daɗe."

Ma'aji ya yi 'yar dariya ya kai ido kan rawanin Waziri. Waziri kuwa ya kafa wa sarki ido, ya ɗan ɗaga gira. Sarki ya tuna darasi. Ya ce, "Wannan ba ciniki ba ne!" Ya zabura ya miƙe tsaye, ya kaɗa babbar riga da iyakar ƙarfinsa. Jirgi ya kwanta gefe guda, ruwa ya leƙo, Ma'aji ya rungume Waziri yana kiran sunan uwarsa.

"Kai, zauna!" Cindo ya kwatsa tsawar da sai da tsuntsayen ƙetare suka tashi. "Zauna mana! An ce maka soro ne nan?"

Sarki ya zauna.

Cindo ya ji abin da bakinsa ya aikata, idanunsa suka firfito. Ma'aji ya buɗe baki zai yi magana, Waziri ya riga shi.

"Allah ya ja zamanin sarki, a kan ruwa muke. Al'adar da sarki ya gada, wadda kakanninsa ba su taɓa karyawa ba, ita ce mai filafili ke da magana har a taka tudu, kuma abin da aka faɗa a nan ba ya bin kowa gida."

Sarki ya dubi Cindo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Ya share ido ya ce, "Rabona da a ce mini zauna tun ina hannun uwar goyona. To mai filafili, tunda bakinka ya buɗe, kada ka rufe shi. Jaka huɗu."

Cindo ya dubi Waziri, ya dubi gaɓa mai nisa, ya ga wanda ya riga ya daka wa sarki tsawa ba sauran abin da zai adana. Ya ja numfashi.

"Albarka."

"Me ka ce?"

"Albarka na ce. Kuma hancin jirgina ba a karkace yake ba. Kuma maɗaci ne, wanda ya ce rimi ne bai san icce ba."

Sarki ya lumshe ido kamar wanda aka sa wa zuma a baki. "Biyar."

"Albarka."

"Biyar da rabi, don darajar gemuna."

"Gemu ba ya tare ruwa, ranka ya daɗe. Albarka."

Sarki ya yunƙura zai sake miƙewa, Cindo ya ɗaga yatsa na shida ya ce, "Ina zuwa kuma?" Sarki ya dubi ruwa dama da hagu, ya koma ya zauna, ya harari Waziri. Waziri ya mai da hankalinsa kan wata farar balbela da ke wucewa.

To ka ga an zo inda Waziri ke so. Mai saye ba shi da ƙafar tafiya, mai sayarwa ba shi da abin tsoro, ba abin da ya rage sai magana. Waziri ya ce, "In sarki ya yarda, maimakon a tambaye shi nawa zai rage, a tambaye shi me ya kai kuɗin goma."

Sarki ya tambaya. Cindo ya ajiye filafili a cinya ya bar jirgi na tafiya da kansa.

"Ranka ya daɗe, goman nan ba duka nake ci ba. Kafin in sa gatari a gindin icce, mutanen Sarkin Daji sun karɓi nasu. Kafin jirgi ya taɓa ruwa, mutanen Sarkin Ruwa sun karɓi nasu. In kuwa fada aka sayar wa, sai an bar wani abu a ƙofar baitulmali kafin ƙofar ta gane ka, sannan a ce ka dawo gobe, goben nan kuwa har furfura take sa mutum." Ma'aji ya soma tari. Cindo bai kula shi ba. "Amma duk wannan ƙarami ne. Bafade zai zo ya ga kwalekwale, ya taya yadda ya ga dama, ni kuwa ba ni da bakin cewa albarka. To hasarar nan ina zan kai ta? Sai in ɗora ta a kan jirgi na gaba. Masuncin da na kora jiya, tayinsa bai yi muni ba, ragin da wani bafade ya ci ne nake nema a wuyansa. Shi ya sa ba na ragi, ranka ya daɗe. Ragina manya sun riga sun cinye, ƙanana ke biya."

Dariyar sarki ta ɗauke. Ya dubi ruwa, sannan ya ce, "Ashe ragin da nake nema a hannunka, a cikin aljihun rigata yake. To saurara. Iccen da za a sassaƙa jirgin fito da shi, daga yau ba mai karɓar komai a kansa, a daji ko a ruwa. Kuɗinka yau za ka karɓa kafin la'asar, cif, ba ƙofar da za ta ci ko wuri ɗaya. Kuma duk bafaden da ya taya kayan wani a ƙasar nan, mai kaya na da ikon ce masa albarka, tunda an ce wa sarkinsa ma bai mutu ba. In haka ta tabbata, nawa ne jirginka?"

Cindo ya motsa yatsunsa duka goma sha biyu yana lissafi a zuci. "Takwas."

"Shida."

"Albarka."

"Kai, mutumin nan! Bakwai, ka haɗa mini da filafili huɗu gyara."

"Bakwai, filafili biyu. Sauran biyun Ma'aji ya saya, yana da hali."

"Na saya."

"Na sallama."

Waziri ya ce, "Saura sharaɗi ɗaya, ranka ya daɗe. Cindo, tsakaninka da Allah, ka yi hasara?"

Cindo ya ce, "Allah ya taimaki Waziri, bakwai da za ta iso hannuna da ƙafafunta ta fi goman da kowa zai gatsa a hanya. Yau zan kwance gizagunana. Sai dai tukwanen matata, waɗannan sun tafi."

Da jirgi ya taɓa gaɓa, ƙafar Cindo na taka tudu, sai jarumtakar ta zube. Ya faɗi yana afi. Ma'aji, da ya ji ƙasa a ƙarƙashinsa, muryarsa ta dawo. Ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, yanzu a tudu muke. Mutumin nan ya daka wa sarki tsawa a gabana."

Sarki ya ce, "Ni ban ji ba. Abin da aka faɗa a kan ruwa, ruwa ya tafi da shi, har da maganar ƙofar baitulmali, kuma ina ganin kai ka fi kowa cin ribar wannan al'ada. Amma abin da na koya a can, shi ya biyo ni tudu. Ka je ka ɗauko jaka bakwai, kai da kanka, a kanka, ka kai gidan Cindo. Ka biya ta kasuwa ka sayo wa matarsa tukwane, kuma in mai tukwane ta ce maka albarka, ka ƙara."

Sannan ya juya ga Waziri a gaban jama'a ya ce, "Ya kai Labbo, na nemi ka saya mini jirgi, sai ka sayo mini kunne. Rawaninka ya zauna inda yake har ranar da Allah zai karɓi abinsa." Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa, ya sa aka kawo sabon rawani aka naɗa masa a kan tsohon, har kan Waziri ya yi girman da sai ya sunkuya yake shiga zaure. Kuma tun daga shekarar, duk sanda gulbi ya cika, sarki kan shiga jirgin nan da talakawa ba dogari, a kai tsakiya a ajiye filafili, kowa ya faɗi abin da ke cikinsa. Waziri ya koma gida, uwargidansa ta dubi rawani biyu ta ce to yanzu wanne za a riƙa shafawa.

Masu hikima suka ce fa'idar wannan hikaya ita ce: ragi halal ne matuƙar mai kaya na da ikon ƙi, in kuwa ba shi da shi, ƙwace ne aka yi masa sallama. Kuma shugaban da ba a iya ce masa a'a, duk "to" ɗin da ake ce masa ba ta halatta masa komai.

Rawanin nan na biyu kuwa har yanzu yana gidanmu a ƙasan adaka. Daga Waziri ya zo hannun ɗansa, daga ɗansa zuwa kakana, daga kakana zuwa... Mene ne kuma, Tsalha? Tun ɗazu kake ɗaga hannu kamar ɗan aji uku.

"Ba kai ka ce Waziri Labbo bai taɓa haihuwa ba?"

Na ce.

"Ko ɓari, ka ce. Kuma ba shi da wa ba shi da ƙane."

To, ai shi ne... wato a wancan zamanin...

"To ta wace ƙofa ya zama kakan kakanka?"

Kai Tsalha, mutum ya kawo muku ilimi kyauta, ku tsaya kuna kushe hancin jirgi. To na rage: maƙwabcin kakan kakana ne.

"Albarka."

Ga jirgi can ya taho. Ku tashi mu je, kuma duk wanda ya sake tayar da maganar nan, a kan ruwa zan ba shi amsa.